Dariyar da Ake Ji da Kunne Biyu: Tambayoyinku Kan Fayafayan Firesign Theatre

Wasiƙun wannan makon sun taru a kan abu guda, wato fayafayan barkwanci na Firesign Theatre, wasu Amurkawa huɗu da suka yi tashe daga ƙarshen shekarun 1960 zuwa tsakiyar na 1970. Ga wanda bai san su ba, ba mawaƙa ba ne, ba kuma masu tsayawa gaban jama'a su zuba zance a yi dariya ba ne. Wasan kwaikwayo suke shiryawa na sauti zalla, labarinsa yana tafiya irin tafiyar mafarki: ana cikin mota sai a tsinci kai a wata ƙasa, ana cikin tallar sabulu sai a faɗa kotu.

Tambaya: Wani abokina ya turo mini wasansu ya ce zan yi dariya har cikina ya ƙulle. Na saurari minti goma ban gane inda aka dosa ba, alhali ina jin Turanci sosai. Laifin kunnena ne, ko akwai inda ake farawa? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Malam, kunnenka lafiya lau. Akwai inda ake farawa, kuma da alama abokinka ya shigar da kai ta tsakiya ne.

Mutanen su ne Phil Austin da Peter Bergman da David Ossman da Philip Proctor. Sun haɗu a watan Nuwamba na 1966 a wani shirin dare mai suna Radio Free Oz, wanda Bergman ke gabatarwa a tashar KPFK ta birnin Los Angeles. Duk rediyo ne ya raine su tun suna yara, kafin talabijin ta mamaye gidajen Amurka, shi ya sa kusan kowane wasa nasu ba'a yake yi wa wani abu da Ba'amurke ya saba ji a akwatin rediyo ko talabijin: talla, wa'azi, labarai, gasar kacici-kacici, jawabin shugaban ƙasa. Wanda bai san abin da ake kwaikwaya ba, dole dariyar ta wuce shi.

Saboda haka fara da faifansu na biyu, na 1969, mai dogon suna How Can You Be in Two Places at Once When You're Not Anywhere at All. Faifan garmaho fuska biyu gare shi, kada ka taɓa fuskar farko tukuna. Juya zuwa fuska ta biyu, inda labarin Nick Danger yake. Labari ne mai kai da gindi: wani ɗan binciken sirri, tsohuwar budurwarsa, wani ɗan damfara mai suna Rocky Rococo, wani ɗan sanda mai suna Bradshaw da ba ya ga-maciji da shi, da baran gida Catherwood. An gina shi kamar shirin rediyo na ranar 6 ga Disamba 1941, jajibirin harin da Japan ta kai sansanin sojan ruwan Amurka na Pearl Harbor, har da kiɗan ogan irin na coci da tallar mai ɗaukar nauyin shirin. Austin ne Nick, Proctor ne Rococo, Bergman ne Bradshaw, Ossman kuma Catherwood. Ka riƙe waɗannan muryoyi huɗu, domin su za ka riƙa tsinta a sauran fayafayan cikin wasu riguna.

Ka saurare shi sau uku, ba a rana ɗaya ba. Karon farko bi labarin kawai, abin da ya wuce ka ka bar shi ya wuce, kada ka riƙa mayar da shi baya. Karo na biyu manta da labarin, ka kasa kunne ga wuraren da 'yan wasan ke tona asirin cewa wasa suke yi. Akwai inda ake kiran baƙo ya shigo daga cikin garin sitaci ya sha ɗumi, domin da garin sitacin masara masu rediyo ke yin ƙarar taku a kan ƙanƙara, da leda kuma suke yin ƙarar wuta. Akwai inda Nick ke shakkar ko ya riga ya faɗi wata magana a ɗaya fuskar faifan, har ya tsaya ya duba. Karo na uku saurari abin da ke bayan mai magana: gunaguni, ƙarar ƙofa, wanda ya ɓata layinsa a takarda. A nan rabin aikin yake ɓoye.

In ka ji daɗin wannan, sai ka koma faifan farko na 1968, Waiting for the Electrician or Someone Like Him, daga nan na 1970, sannan na 1971. Bin jerin yana da amfani, za ka ga dalili a ƙasa.

Tambaya: Ina saurarensu a 'yar ƙaramar lasifikar Bluetooth, sai in ji muryoyi sun cakuɗe, mutum uku na magana lokaci guda ba a jin ko ɗaya. Haka aka yi shi? Daga wata mai karatu a Maraɗi.

Amsa: Malama, an yi shi da mutum uku suna magana lokaci guda, amma ba a yi shi a cakuɗe ba. Kamfanin Columbia ya ba su sitidiyo mai ɗaukar sauti layi-layi, suka riƙa ɗora murya kan murya, sannan suka ba kowace wurin zamanta: wannan a kunnen hagu, wancan a dama, wani a tsakiya kusa da ke, wani can nesa. Ƙwaƙwalwar mutum tana iya ware zance biyu ko uku idan daga wurare dabam-dabam suke fitowa. Lasifikarki mai baki ɗaya tana haɗa hagu da dama ta fitar ta rami guda, sai wuraren zaman su rushe, kowa ya hau kan kowa. Wani lokaci ma sautin da aka ɗauka da saɓanin motsi tsakanin ɓangarorin biyu yakan dushe idan aka haɗa su.

Maganin farko shi ne abin sauraro na kunne biyu, ko da mai araha ne mai waya, kuma a sa duka biyun. Raba iyafis da ƙawa, ke ɗaya ita ɗaya, yana nufin kowaccenku rabin wasan take ji. Na biyu, shiga saitin wayarki, sashen da aka tanada don masu larurar ji da gani, ki tabbatar ba a kunna mono ba, domin idan yana kunne ko da iyafis mai tsada abu ɗaya zai zuba a kunnuwan biyu. Ki kashe duk wani saitin ƙara amon gangar ƙasa ko na kewaye ɗaki da sauti. An yi su ne don kiɗa, kuma suna binne baƙaƙen magana.

Idan duk kin yi wannan ba ta canza ba, to fayil ɗin ne ya lalace tun kafin ya iso gare ki. Fayil da ya bi hannu goma, aka matse shi aka sake matsewa, ko aka ɗauke shi da makirfon waya daga wata lasifika, ya riga ya zama mono kuma ba ya dawowa. Ga yadda ake ganewa a kwamfuta da manhajar Audacity, wadda kyauta ce: a raba layin sautin gida biyu a matsayin mono, a kifar da motsin sautin ɗaya da umarnin Invert, a kunna su tare. In aka ji shiru ko kusan shiru, hagu da dama abu ɗaya ne, fayil ɗin ba sitiriyo ba ne. Ga irin wannan wasa, MP3 kada ya gaza kilobit 192 a daƙiƙa, wanda ke cin kusan megabait ɗaya da rabi a minti. Mafi tsabta shi ne a nemi fitowar kamfani, domin an sake buga manyan fayafayan a CD.

Tambaya: Na gaji garmaho da ƴan fayafayai daga kawuna da ya yi karatu a Amurka, har da na Firesign guda biyu. Na sayi taransifoma mai rage wuta, yana juyawa, amma muryoyin sun yi kauri suna jan jiki, ga ƙaras-ƙaras. Me ya lalace? Daga wani mai karatu a Kaduna.

Amsa: Allah ya jiƙan kawu idan ya riga mu gidan gaskiya. Mai yiwuwa babu abin da ya lalace, matsaloli biyu ne dabam.

Ta farko wuta ce. Wutar Amurka bolt 120 ce mai bugu 60 a daƙiƙa, tamu a Najeriya da Nijar bolt 220 zuwa 230 ce mai bugu 50. Taransifomarka ta gyara ƙarfin wutar, amma ba ta taɓa yawan bugun ba, kuma tsofaffin garmaho da yawa motarsu da bugun wuta take ƙidaya gudunta. Faifan da ya kamata ya juya sau 33 da sulusi a minti sai ya koma kusan sau 28. Ka gwada: manna 'yar takarda a bakin farantin, ka ƙirga juyinsa na minti uku cif. Daidai shi ne 100. In ka samu wajen 83, wutar ce. Ana gyarawa da sauya ɗan ƙarfen kan motar da bel ke zagayawa zuwa na bugu 50, wanda ya ɗan fi kauri, idan ana samun na irin na'urarka. In lissafin ya fito 95 ko 97, ko yana hawa yana sauka, to bel ne ya saki, sai a sa sabo daidai tsawonsa. Kada a gwada a kan ƙaramin janareta, domin bugun wutarsa ba ya tsayawa wuri ɗaya, zai ruɗa ka.

Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga barkwanci. Dariyar tana cikin saurin mayar da magana, kuma mutum huɗu ne ke yin muryoyi da dama, kowace da tsayinta. Da gudu ya ragu da kashi ɗaya cikin shida, tsohuwa ta koma ƙato, zolaya ta koma gunaguni.

Ta biyu ƙura ce, kuma ƙurar hunturu ba ta da tausayi ga faifai. Wasan magana ya fi kiɗa tona asirin datti, saboda yana da shiru da raɗa da yawa. Kada ka goge shi a bushe da tsumma, yashi za ka tura cikin layukan. Sami tataccen ruwa na kemis, ba ruwan rijiya ko na famfo ba don suna barin gishiri, ba kuma ruwan asid na batir ba. Ɗiga ɗigo ɗaya na sabulun ruwa a rabin lita, jiƙa ƙyalle mai laushi marar gashi, ka bi layukan a zagaye, ba a gicciye ba, kana kiyaye takardar tsakiya. Ɗauraye da tataccen ruwa zalla, jingine shi a inuwa ya bushe sarai kafin allura ta taɓa shi. Allurar ita ma a share ta da ɗan buroshi daga baya zuwa gaba. In ba a san shekarunta ba a canza ta, domin allurar lu'ulu'u takan yi awa 500 zuwa 1000, wadda ta cinye kuwa yanka faifai take yi. Nauyin da take sauka da shi a bi abin da kamfaninta ya rubuta, yawanci giram 1.5 zuwa 2.5. Ɗora kwabo a kan hannun don kada ya yi tsalle ɓarna ce. A ajiye fayafayai a tsaye, nesa da taga da bangon da rana ke duka, kada a bar su cikin mota ko na awa ɗaya a watan Afrilu, za su lanƙwashe.

In za ka kwafe su a kwamfuta don amfanin kanka, kada ka haɗa garmaho kai tsaye. Sautin faifai ana yanka shi ne da rage amo mai kauri da ƙara siririn amo, sai an bi ta ƙaramar na'urar ƙara ƙarfi ta fono ta mayar da shi daidai, in ba haka ba zai fito siriri kamar daga cikin gwangwani. Ɗauka a sitiriyo, 44,100 a daƙiƙa, bit 16, kusan megabait 10 ke nan a minti. Kowace fuska ka bar ta fayil guda, kada ka yayyanka. Idan ba ka samu ƙarfen motar ba, ƙara gudun fayil ɗin da kashi 20 cikin ɗari zai mayar da muryoyin mazauninsu.

Tambaya: Me ya sa masoyansu ke fifita Don't Crush That Dwarf, Hand Me the Pliers? Ni na ji kamar wani ne ke wasa da rimot. Daga wani mai karatu a Kumasi.

Amsa: Ɗan'uwa, ai ka gane shi, abin da ke faruwa ke nan. Faifan na 1970 labarin George Tirebiter ne, wanda Ossman ke yi, yana zaune cikin dare a gaban talabijin yana sauya tasha, a wani gari da aka yanka shiyya-shiyya aka sa dokar hana fita. Ƙarar sauya tashar ita ce almakashin da ke yanka labarin. Da farko matashi ne mai jin yunwa, daga baya tsohon ɗan fim ne yana kallon finafinan da ya yi yana yaro. Biyu ne ke ta dawowa: ɗaya na 'yan sakandare da aka wayi gari an sace musu makaranta ɗungurungum, ɗaya na yaƙi. Sannu a hankali finafinan biyu suna kutsawa cikin juna, har su haɗu a zaman kotu, wanda ake tuhuma a wannan ya zama shi ake tuhuma a wancan.

A ganinmu fifikon da ake ba shi ya cancanta. Shekarar yaƙin Biyetnam ce, ana kwasar samari daga makaranta zuwa fagen daga, kuma a ranar 4 ga Mayu na shekarar dakarun tsaron jiha suka harbe ɗalibai huɗu a jami'ar Kent State. Faifan bai tsaya yin lacca a kan wannan ba, sai ya bar makaranta da bariki suka narke suka zama wuri ɗaya a kunnenka. Ɗakin karatu na majalisar dokokin Amurka ya sa shi cikin rajistar sautukan da ake adanawa don tarihi, a jerin 2005.

Ka lura da farkonsa, inda mai wa'azin talabijin ke zuba huɗuba da cikakkiyar murya ta mumbari, amma abinci ne cikinta. Wanda ya taɓa jin 'yan kama suna kwaikwayon karatun malamai da tuwo da miya ya san wannan dabara: a riƙe sigar magana da mutunci, a sauya kayan cikinta.

Ga kuma ladan bin jeri. A labarin Nick Danger wani ya buga waya bisa kuskure yana odar fiza, ba a ji ko wane ne ba. A wannan faifan, bayan shekara guda, sai ka ji George yana buga wayar daga nasa ɓangaren. Ƙarshen faifan kuma ƙararrawar motar mai sayar da askirim ce, da ita faifan 1971, I Think We're All Bozos on This Bus, ya buɗe. A can ne Proctor, a matsayin Clem, ya je bajekolin duniyar gobe, ya tarar shugaban ƙasa kwamfuta ce mai amsa tambayoyin jama'a da zance mai daɗi marar ma'ana, ya rikita ta da tambayar da ba ta da amsa.

Tambaya: Su suka ƙirƙiro wannan salo? Kuma zan iya kunna wa yara? Daga wata malamar makaranta a Katsina.

Amsa: Sun sha daga The Goon Show na BBC, wanda Spike Milligan da Peter Sellers da Harry Secombe suka yi daga 1951 zuwa 1960. Ƙarin da Firesign suka yi shi ne mayar da sitidiyo kayan aiki da yin wasan da ake maimaita saurare.

Yara kuwa a'a, Malama. Akwai zancen ƙwaya, akwai habaicin batsa, akwai kwaikwayon harshen wasu ƙabilu da ko a Amurka yau ba kowa zai yarda da shi ba. Na manya ne.

Tambaya: Mu huɗu ne muna son shirya irin wannan da Hausa, da waya da kwamfuta ɗaya. Ta ina za mu kama? Daga wasu matasa a Jos.

Amsa: Madalla. Ku fara da rubutu, domin abin da ke kama da shirme a fayafayan nan rubutacce ne, su huɗun suke zama su tace shi tare layi-layi. Ku zaɓi sigar da kowa ya sani a rediyonmu, kamar sanarwar cigiya, tallar mai maganin gargajiya ko filin gaishe-gaishe, ku riƙe muryarta daram, ku karkatar da abu ɗaya tak a cikinta. In komai ya haukace lokaci guda, mai sauraro ba shi da abin dafawa. Wasan farko kada ya wuce minti biyar.

Ɗaki mai katifa da labule da kaya ya fi falo mai tayil, wanda ke mayar da amo. A kashe fanka, a nisanci firij, a jira janaretan maƙwabta ya yi shiru. Baki ya kasance kamar taƙi ɗaya daga makirfo, santimita 15 zuwa 20, a ɗan karkace don kada iskar "f" da "b" ta buge shi. Ma'aunin sauti ya riƙa kaiwa tsakanin desibel 12 da 6 ƙasa da sifiri. In ya taɓa sifiri ya fashe, kuma fasasshen sauti ba ya gyaruwa. Kafin ku tashi ku ɗauki shirun ɗakin na daƙiƙa 30, da shi za ku cike gurbin da kuka yanke, in ba haka ba kowane yanka zai fito fili.

Kowace murya a ɗauke ta a layinta. Wajen haɗawa, mai jan labari ya zauna tsakiya, abokan zancensa a karkatar da su kashi 30 zuwa 50 hagu da dama, zancen bayan fage a kai shi can gefe a rage shi da desibel 12 zuwa 15. Nisa kuwa a yi shi da ƙafa: wanda zai yi kira daga zaure ya ja baya taku huɗu ya ɗaga murya, domin rage ƙara a kwamfuta ƙaramar murya yake bayarwa, ba mai nisa ba. Ƙarar abubuwa ku yi da hannu a layi dabam: ɓawon kwakwa biyu a kan tiren yashi don kofaton doki, ledar alewa a murza a hankali don wuta, shinkafa a zuba kan faranti don yayyafi.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne ɗora magana kan magana ba lissafi. Idan biyu za su yi zance tare, kalmar da ke ɗauke da dariyar ta faɗo a daidai inda ɗayan ya ja numfashi, sai ku matsa layin gaba ko baya har ta samu wannan gurbi. Da kun gama, ku saurara da iyafis, sannan ku saurara a lasifikar waya, tunda a nan yawancin mutane za su ji shi. Duk maganar da labarin ya dogara da ita amma ta ɓace a lasifikar waya, ku dawo da ita tsakiya ku ƙara mata desibel 3. Wajen turawa a WhatsApp ku aika fayil ɗin a matsayin takarda, kada ku sake ɗaukarsa da maɓallin saƙon murya, domin shi mono yake ɗauka.